Jinin da ke kan asuwaki

Ƙannena maza da mata, akwai abin da yawancinku kuka taɓa gani da asuba wajen alwala, kuka kawar da kai. Mutum ya tauna kan asuwakinsa har ya yi laushi, ya goga sama ya goga ƙasa, ya fiddo shi sai ya ga gashin icen ya yi ja-ja. Wani kuma kumfar man goge baki zai tofar ya ga jini ya gauraya da ita. Sai ya kurkure bakinsa, ya ce buroshin ne ya cika tauri, ko ya ce hannunsa ne ya yi nauyi, ya tafi harkarsa. Da tafin hannunsa ne ke zubar da jini duk sanda ya wanke shi da sabulu, da bai kwana ba sai ya nemi likita. Amma da yake baki ne, an saba gani, har an mai da abin kamar halitta. Ruwa dai ba ya tsami banza. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi, kuma wannan jan da kuke gani, da warin bakin da kowannenku ke tsoron a ce yana da shi, galibi gindinsu ɗaya ne: dauɗar da ke kwana a inda haƙori ya haɗu da dasashi, da wadda ke kwance a can bayan harshe. Wanda ya kama wannan ya huta da kashe kuɗi wajen rufe wari, don ya san inda zai kai hannu.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to warin baki ya saɓa wa wannan karin magana. Hanci yakan saba da warin da yake tare da shi kullum har ya daina jinsa, shi ya sa mai abin yakan zama na ƙarshen sani. Su kuwa waɗanda suka sani kunya ta ɗaure musu baki. Abokinsa zai ɗan ja da baya in suna hira, wanda ke kusa da shi a sahu zai karkatar da fuska, budurwa za ta rage sakin fuska, amma babu mai fitowa ya faɗa. In daga baya ya tsargu, sai ya faɗa hannun masu sayar da abin rufewa: alewa mai na'ana'a, cingam, kanumfari a gefen kumatu, ɗan turaren fesawa a baki. In waɗannan suka gaza, sai wani ya ce masa ai daga ciki ne, dattin ciki ne ko basir, ya sha maganin wankin ciki. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi a tsuke yake, ba ya buɗewa sai lokacin haɗiya ko gyatsa ko amai. Numfashin da ke fitowa in kana magana daga huhu yake tasowa, ya ratsa ta cikin baki ya kwaso abin da ya tarar. Binciken likitocin haƙori a ƙasashe dabam-dabam ya yi ta dawowa kan abu guda, cewa cikin masu fama da warin baki goma, takwas zuwa tara a cikin bakinsu matsalar take. Saurayin da ya yi kwana uku yana gudawa da sunan wankin ciki ya wahalar da hanjinsa ne kawai, ya bar mai laifin yana zaune.

Ga yadda za ka ga mai laifin da idonka. Da yamma, kafin ka goge baki, ka sa farce ka kankari gindin haƙorin gaba na ƙasa, dab da dasashi. Za ka fito da wani abu fari-fari mai laushi kamar ƙullun koko. Mutane da yawa sun ɗauka ragowar tuwo ne. A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke wasa gilasan ƙara girman abu da hannunsa, ya kankaro irin wannan farin abu daga haƙoransa ya duba, sai ya ga ƙananan halittu birjik suna motsi a ciki. Wannan dauɗa gari ce guda ta ƙwayoyin cuta, suna manne da haƙori cikin wani yauƙi da su da kansu suke yi, kuma sa'o'i kaɗan bayan an goge su sukan fara sake taruwa. Wasu daga cikinsu ba sa son iska, sai su nemi lungu: ramukan da ke bayan harshe, tsakanin turame, da ƙarƙashin leɓen dasashi. A can suke cin ragowar nama da madara da matattun ƙwayoyin fatar baki da jinin da dasashi ke tsattsafarwa, su fitar da iska mai ɗauke da sinadarin farar wuta, irin wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen ƙwai. Ita ce warin. In kana son ka ji abin da mutane ke ji, ɗauki ƙaramin cokali ka kife shi ka kankari can bayan harshenka, ka bar abin da ya fito ya ɗan sha iska, sannan ka sansana. Yawu shi ne ruwan da Allah ya tanada yana wanke bakin dare da rana, mutum yakan fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, amma in an yi barci sai ya ja baya ƙwarai. Shi ya sa bakin kowa yakan yi wari da safe, sarki da talaka, kuma wannan ba ciwo ba ne muddin yana gushewa da an goge baki an karya kumallo.

Mai shakka zai ce wa ya tabbatar dauɗar nan ce ke sa dasashi jini. An gwada, kuma gwajin mai sauƙin fahimta ne. A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a garin Aarhus na ƙasar Denmak suka samu mutum goma sha biyu masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina goge baki ɗungurungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Daga nan aka ce su koma goge baki kamar da. Ba a ba su ƙwaya ba, ba a yi musu allura ba, amma cikin mako guda ko kusa da haka kumburin ya sauka. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga mai ganin ja a asuwakinsa. Abin da ya saba yi shi ne ya riƙa kauce wa wurin da ke jinin don kada ya fama shi, alhali kaucewar ce ke ba dauɗar damar ƙara kauri. Wurin da ke jini shi ya fi bukatar a goge shi, a hankali, kullum. In an dage mako ɗaya zuwa biyu, yawanci jinin yakan ɗauke. In bai ɗauke ba, abin ya wuce aikin buroshi.

Yadda yake wucewa kuwa shi ne abin tsoron, don ba ya zuwa da zafi. Dauɗar da aka bari tana jan gishirin da ke cikin yawu ta daskare, ta zama ɓawo mai tauri, rawaya ko baƙi-baƙi, wanda ake gani a bayan haƙoran gaba na ƙasa, kuma babu asuwaki ko buroshin da ke iya ɓamɓare shi. Saman ɓawon kaushi gare shi, sabuwar dauɗa sai ta ƙara samun wurin kamawa. Dasashi ya fara sakin haƙori, aljihu ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wannan tsagi bai wuce milimita 3 ba. In ya kai 4 ko 5 ko fiye, gashin buroshi ba ya isa ƙasansa. Jiki yana ta yaƙi da ƙwayoyin cutar da ke cikin aljihun, kuma a cikin wannan yaƙi ne ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori yake zaizayewa kamar bakin rafi da damina. Kumburin dasashi na farko yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Shekara goma, shekara ashirin, sai a ga haƙora sun yi tsawo, sun fara buɗewa, suna girgiɗi, wani lokaci da ruwan mugunya in an danna. Ranar da haƙori ya fita kuma lafiyarsa ƙalau, babu kogo ko ɗaya a jikinsa, sai a ce tsufa ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan ciwo mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Giɓin da kuke gani a bakin ɗan shekara hamsin sau da yawa tun yana saurayi aka fara haƙa shi, shi ya sa da ku nake wannan magana.

Na san abin da wani zai kawo: kakansa bai taɓa riƙe buroshi ba, goro yake ci safe da yamma, kuma ya rasu da haƙoransa talatin da biyu yana tauna ƙashi. Ban ƙaryata shi ba, akwai irin waɗannan tsofaffi. Shi Löe ɗin da kansa ya shafe shekaru yana bin ma'aikatan gonakin shayi a ƙasar Siri Lanka, mutanen da ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, kuma bakin kusan kowannensu cike yake da dauɗa da kumburi. Abin da ya samu shi ne kimanin kashi 11 cikin ɗari ciwon bai wuce kumburi ba a wurinsu, kashi 81 ƙashinsu ya riƙa zaizayewa a hankali, kashi 8 kuwa ya ci su da sauri har suka fara zubar da haƙora tun da sauran ƙuruciyarsu. Jikin mutane ya bambanta, kuma gado yana da hannu. Sai dai kai ba ka san a wane kashi kake ba, kuma ana tuna kakan da ya tsira ne a manta da tsararrakinsa da suka ƙare rayuwa a kan kunu da fura. Ban da haka, kakan nan da wuya a ce ba ya asuwaki sau biyar a yini, kuma bai san lemon kwalba da biskit da shayi mai cokali huɗu na sukari ba. Bai san shisha ba. Taba ko wace iri ce tana cikin manyan abubuwan da ke hanzarta lalacewar dasashi, kuma tana da wata mugunta ta daban: tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, sai dasashin mashayi ya daina nuna jini alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙarƙashi. An ɗauke masa ma ɗan gargaɗin da sauran mutane ke samu.

Game da gardamar asuwaki da buroshi, ban ga dalilin a raba gari a kanta ba. Addini ya kwaɗaitar da asuwaki tun kafin a ƙera buroshin roba, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan icen arak, wanda alhazai ke tsaraba da shi, sun nuna yana cire dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Marke da darbejiya da iyayenmu ke karya su ma suna aiki. Matsalar tana wajen yadda ake riƙe shi. Dubi mai asuwaki a bakin shago: icen na rataye a gefen baki rabin sa'a, yana hira, lokaci-lokaci ya ɗan goga haƙoran gaba guda shida da mutane ke gani. Turame ba su san an yi ba, cikin haƙora ta wajen harshe ma haka, kuma da yake gashin asuwaki a tsaye yake a kan icen, kai shi waɗannan lunguna sai da niyya. Mai buroshi ma yana da nasa laifin, ya dirji baki da ƙarfi gaba da baya na rabin minti kamar mai wanke tukunya, ya ci dasashinsa ya bar dauɗar a inda take. Abin da ake so buroshi mai laushi, a ɗan karkata gashinsa zuwa layin da haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, haƙori bayan haƙori, waje da ciki da sama, har minti biyu, sau biyu a rana. Na dare kafin kwanciya shi ne wanda ba a sakaci da shi, tunda yawu zai janye ya bar ƙwayoyin cuta su kaɗai har asuba. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa haƙori ya hana kogo, abin da asuwaki kaɗai ba zai wadatar ba a zamanin sukari, kuma an fi so a tofar da kumfar a bar sauran ba tare da an kurkure da ruwa nan take ba. Buroshi safe da dare, asuwaki a lokutan salla: wanda ya haɗa su ya fi mai riƙe da ɗaya.

Wurare biyu sun rage da ba su shiga wannan lissafi ba. Na farko tsakanin haƙora, inda zaren tsire ko kilishi ke maƙalewa ya kwana biyu yana ruɓa. Zaren sakace da ake sayarwa a kantin magani shi ya fi dacewa; tsinken sakace yana fitar da babban yanki amma ba ya share gefen haƙori, allura da tsinken tsintsiya da kan biro kuwa rauni suke ji wa dasashi. Na biyu bayan harshe, wanda a bakin matashi mai lafiyayyun haƙora shi ne babbar matattarar wari. A kankare shi a hankali daga baya zuwa gaba sau ɗaya a rana, da abin kankare harshe ko da buroshin kansa. Gawayi da toka da gishiri da wasu ke dirza don haƙora su yi fari suna cinye fatar haƙori ne, ita kuwa ba ta sake tsirowa.

Ɓawon da ya riga ya daskare sai an je asibitin haƙori an kankare shi da na'ura, kuma a nan ne ake jin wata magana mai hana mutane zuwa, wai wankin haƙori na asibiti yana sa haƙora su buɗe su yi girgiɗi. Akwai abin da ya haifar da wannan zato. Mutumin da ɓawo ya cike masa tsakanin haƙora shekara da shekaru, in aka cire, zai ji iska na shiga inda da ba ta shiga, zai ji tsami in ya sha ruwan sanyi na ɗan lokaci, wataƙila ma ya ji haƙori na motsi. Amma giɓin da ya gani ɓawon ne ya yi shi ya kuma ɓoye shi, kamar ginin da gara ta cinye ta bar yaɓe a tsaye. Barinsa ba ya mayar da ƙashin da ya tafi, ƙara ci yake yi. Gaskiya ne likitocin haƙori sun yi ƙaranci a ƙasarmu Najeriya, yawancinsu a manyan birane, kuma kuɗi na da wuya. Duk da haka kuɗin wankin haƙori sau ɗaya a shekara bai kai na cire haƙori da sa na roba ba, kuma sau da yawa bai kai abin da ake zubarwa a kemis ba, inda za a haɗa wa mutum Flagyl da Ampiclox duk sanda dasashi ya kumbura. Ƙwayoyin nan sukan kwantar da abin na 'yan makonni, sai ya dawo, don ba sa iya ratsa yauƙin dauɗa yadda ya kamata balle su narkar da ɓawo, kuma yawan shansu ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ruwan kurkure baki mai kulohekzidin yana da amfani in likita ya rubuta shi na ɗan lokaci, amma in aka daɗe a kansa yana rina haƙora. Asfirin da wasu ke dannawa a kan dasashi mai ciwo ƙona naman yake yi.

Da azumi baki yakan bushe, wari ya ƙaru, wasu kuma su fake da falalar da hadisi ya ambata game da bakin mai azumi su bar goge baki wata guda cur. Falalar tana kan canjin da rashin ci da sha ke kawowa ne, ba ta shafi ragowar naman sahur da ke tsakanin turame ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, asuwaki da busasshen ice ya halatta ga mai azumi tsawon yini. A goge baki da harshe sosai bayan sahur da kuma kafin barci, a sha ruwa isasshe tsakanin buɗa-baki da asuba.

Saura kashi ɗaya ko biyu cikin goman nan da warinsu ba daga baki yake ba. Tafarnuwa da albasa suna shiga jini su fito ta huhu, sai lokaci ya kawar da su. Majinar da ke gangarowa daga hanci zuwa maƙogwaro, da wasu 'yan dunƙule farare da ke taruwa a naman gefen maƙogwaro, suna kawo wari. Ciwon hanta da na ƙoda da suka yi nisa suna da nasu warin. Wanda ya gyara bakinsa, likitan haƙori ya duba bai ga komai ba, warin kuma bai tafi ba, ya je a duba sauran jikinsa. Ciwon suga musamman yana tafiya da ciwon dasashi hannu da hannu: sugan da ba a shawo kansa ba yana ninka haɗarin, dasashi mai ciwo kuma yana wahalar da saukar sugan. Mai juna biyu dasashinta yakan fi saurin kumbura da jini saboda canjin da jikinta ke yi, kuma wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da cikin. Akwai kuma waɗanda bakinsu ba ya wari ko kaɗan amma waswasi ya hana su sakewa cikin mutane, suna magana hannu a baki. Su da masu warin na gaskiya abu ɗaya suke bukata, mutum guda amintacce, uwa ko 'yar'uwa ko amini, da za a tambaya ya faɗi gaskiya. In kai ne amintaccen, ka ja shi gefe ku biyu, ka ambaci jinin dasashi da likita, don ya ji maganar lafiya kake yi masa.

Akwai wuri ɗaya da wannan magana ta tashi daga batun kunya ta koma batun rai, kuma a ƙasarmu yake. Ciwon noma, wanda ke cinye kumatu da leɓe da hancin yara, da kumburin dasashi yake farawa. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi gyambo yana jini, baki ya ɗauki wari mai tsanani, yaro ya riƙa dalalar da yawu ya ƙi abinci, sannan kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya ɓurme. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuma suna bukatar tiyata a kan tiyata. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. A matakin gyambon dasashi, tsabtace baki da abinci mai gina jiki da maganin da ma'aikacin lafiya zai bayar suna tsayar da shi. Ku ne ke goyon ƙannenku, ku ke yi musu wanka, wasunku ma sun fara haihuwa. In yaro ya tashi daga ƙyanda ko ya rame, ku ɗaga leɓensa a cikin haske ku duba dasashin sama da na ƙasa. In kun ga gyambo ko jini tare da wari, ku kai shi asibiti a ranar, kada a jira kumatu ya kumbura.